Yaran da ke Riga Ladan Tashi Ranar Sallah

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jujjuya dare da yini, wanda Ya bai wa wannan al'umma idi biyu a kowace shekara, Ya kuma sanya murnar da ake yi a cikinsu ta zama wani yanki na addini. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda bai taɓa ɗaukar tausasa wa yaro a matsayin zubar da girma ba, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata 'yar mas'ala da ba kasafai malamai ke tsayawa a kanta a wa'azin ƙarshen azumi ba, alhali kusan duk gidan da ke da ƙananan yara yana karo da ita sau biyu a shekara. Yaron da a ranakun makaranta sai an yi ta fama, an yaye masa mayafi, an yayyafa masa ruwa kafin ya buɗe ido, shi ne ranar Sallah za ka ji motsinsa tun ƙarfe huɗu saura. Ya lalubo sabon takalminsa a cikin duhu, ya tashi ƙannensa, su jeru a ƙofar ɗakin iyaye: "Umma, gari bai waye ba? Abba, yaushe za mu tafi Idi?" Ita kuwa Umman ba ta kwanta ba sai wajen ƙarfe ɗaya, bayan ta sauke cincin ta wanke wa 'yan mata ƙunshi. Shi kuma Abban ya kai sha biyun dare a shagon tela a Wuse ko Kubwa yana jiran a ƙarasa wuyan riga. Sai ya zamana abin da aka fara furtawa a gidan, a ranar da Allah Ya keɓe don farin ciki, tsawa ce, wani lokaci har da mari.

Wannan asara ce, kuma ta fi asarar barcin sa'a biyu nesa ba kusa ba. Shekara guda cur uba yana roƙon Allah Ya sa 'ya'yansa su zama masu tashi sallar asuba da nishaɗi. Ga su sun tashi da kansu, ba kira ba bulala, fuska a sake, zuciya na son wanka da sabuwar riga da tafiya wurin salla. Sai mai addu'ar ya kore su su koma barci.

Kafin a yi musu hukunci, ya kamata a san abin da ya tashe su. Ɗoki na ciki, babu shakka. Amma a Ƙaramar Sallah akwai abin da ya fi ɗoki, kuma mu muka shuka shi. Wata guda muna tashinsu sahur wajen ƙarfe huɗu da rabi, muna yaba wa wanda ya riga kowa wanke fuska, muna yi wa dangi waya muna cewa wane ya kai azumi goma. Jiki ya saba, kuma jiki ba ya jin sanarwar ganin wata. Sa'an nan ita kanta sanarwar takan zo ne da dare. A daren 29 ga Ramadan gida kan kasa kunne yana jiran abin da zai fito daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. A shekarar 2025, alal misali, a daren Asabar aka sanar da ganin jinjirin Shawwal, aka wayi gari Lahadi 30 ga Maris da Sallah. Wanda ya yi lissafin azumi talatin, a irin wannan dare yakan tattara aikin yini guda ya yi shi cikin 'yan sa'o'i, yara na biye da shi daga kicin zuwa falo, ba mai tunanin kwantar da su.

Masana lafiya sun auna abin da ƙaramin yaro ke buƙata. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin sa'a 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuma sa'a 10 zuwa 13, har da na rana. Wanda ya kwanta sha ɗaya ya tashi huɗu da ƙyar ya samu rabin haƙƙinsa. Kukan da zai ɓarke da shi da azahar a gidan baƙi, ya ƙi gaida kowa, ya yi birgima da sabuwar shadda, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma bakin mutane ba ne. Bashin barci ne ake biya.

Abin ya fi nauyi a Abuja, kuma akwai dalili. A cikin birnin Kano ko Katsina ko Zariya, yaron da ya yi sammako yana da wurin zuwa. Akwai ɗakin kaka, wadda dama idonta biyu tana lazimi, kuma tsakaninta da jika wasa ne ba tsawa ba. Akwai tsakar gida da 'ya'yan baffa da na gwaggo, akwai zaure, ga kuma begen hawan Sallah da ke jiransa a waje. Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa dokar ƙirƙirarsa a watan Fabrairun 1976, aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamban 1991. Sunan ma aro aka yi daga tsohon garin Abuja na sarakunan Zazzau, wanda ya koma Suleja. An zana tituna da ma'aikatu da rukunin gidaje, amma ba a zana ɗakin kaka ba. Da Sallah ta matso, tashoshin Jabi da Utako da Zuba sukan cika, jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa ya yi ta kwasar masu tafiya gida. Wanda aiki ko tsadar mota ta tsare, sai ya rage daga shi sai matarsa da yara a gida mai ɗaki biyu a Gwarinpa ko Lugbe ko Nyanya, ƙofar rukunin gidaje a kulle, maƙwabcin da bango ɗaya ya raba su wataƙila ba Sallah yake yi ba. (Shi ma, in Disamba ta zo, nasa yaran haka za su yi masa a safiyar Kirsimeti, don haka kowa ya yi wa kowa uzuri.) A irin wannan gida, abin da yaro zai girma yana kira Sallah, iyayensa biyu ne kaɗai za su gina masa shi, kuma mafi yawansa a tsakanin asuba da hantsi ake gina shi.

Shari'a ba ta ƙyamaci zumuɗin yara a ranar idi ba. Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa tun zamanin jahiliyya, bai soke musu wasan ya bar su haka ba, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi, wato idin buɗa-baki da na layya. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha a ranakun idi, Sayyidina Abubakar ya shigo ya tsawata musu, Manzon Allah ya hana shi, ya nuna masa cewa kowace al'umma na da ranar bikinta, wannan kuma tamu ce. A lura da cewa a lokacin Manzon Allah a kwance yake, ya lulluɓa da mayafinsa. Hutunsa ne aka shiga da hayaniya, kuma shi ne ya tsaya wa masu hayaniyar.

Sai dai kada wani ya fahimci cewa ana nufin a sakar wa yara gida su yi yadda suka so. Alƙur'ani ya sa iyaka a daidai wannan sa'a da muke magana a kanta, kuma abin mamaki ne yadda muka manta da ita. A aya ta 58 ta Suratun Nur, an umarci muminai da su sa yaransu da ba su balaga ba su riƙa neman izini kafin su shigar musu a lokuta uku: gabanin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. A wajen waɗannan lokuta kuwa an ɗauke laifi, domin masu kai-komo ne a tsakanin juna. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya koka tun a zamaninsa cewa yawancin mutane sun bar aiki da wannan aya. To ina ga namu zamanin, da yaro ke banko ƙofa ya faɗa kan gado?

Hikimar da ke cikin ayar ta isa ta warware rabin mas'alarmu. Ba a ce yaro kada ya tashi ba, ba a ce a hana shi zuwa ƙofar iyayensa ba. An ce ya tsaya ya yi sallama ya jira. Tashinsa halal ne, hutun iyayensa kuma abin kiyayewa ne, kowanne da haƙƙinsa. Umarnin kuma kan manya ya hau, domin yaro ba a rubuta masa zunubi. Uban da bai taɓa koya wa ɗansa sallama a ƙofar ɗaki ba a sauran ranakun shekara, ba shi da hujjar fushi don an banko masa ƙofa ranar Sallah. Ana koyar da abin ne tun cikin goman ƙarshe, da rana tsaka, cikin raha. A gaya musu: in kun farka, ga ruwa, ga dabino, ga fitila mai caji ko da an ɗauke wuta, ku yi hira a hankali a ɗakinku, da kun ji kiran assalatu, ku zo ku yi sallama, za a buɗe muku. Ɗan shekara huɗu bai san ƙarfe biyar ba, amma ya san muryar ladan. Inda masallaci ya yi nisa, kamar wasu lungunan Maitama da Asokoro, kiran sallar da ke cikin waya ya wadatar. Sharaɗi ɗaya ne: in ladan ya kira suka zo, a buɗe, kuma a buɗe da fara'a. In aka saɓa sau ɗaya, an rushe dokar.

Wannan ya kawo mu ga maganar alƙawari. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa wata rana, yana ƙarami, mahaifiyarsa ta kira shi da cewa za ta ba shi wani abu, Manzon Allah yana zaune a gidansu. Sai ya tambaye ta me ta yi niyyar ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komai, da an rubuta mata ƙarya. Nawa ne a cikinmu suka tsira daga wannan a daren Sallah? "Koma ka kwanta, gobe zan kai ka Jabi ka hau jirgin ruwa," alhali ba kuɗin ba niyyar. "Ba yau ce Sallah ba, an ɗaga." "Dodo na falo." Mun fito daga wata guda na tsare harshe, sai mu buɗe Shawwal da ƙarya ga wanda ya fi kowa yarda da mu. Mafi muni shi ne bakin da gajiya ke fitarwa. Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, don gudun kada ta dace da sa'ar karɓa, kuma ƙarshen dare, kowa ya sani, lokacin karɓa ne. Wanda ya ji ransa ya ɓaci, "Allah Ya shirye ka" ta ishe shi. Amma ɗura wa yaro mai lafiya maganin mura don kawai yana sa barci, wannan ba dabara ba ce, cin amana ne, kuma yana da haɗari ga ƙananan yara.

To, an buɗe ƙofa, me za a yi da sa'o'in da suka rage? A Abuja alfijir na ketowa wajen ƙarfe biyar, ya ɗan gabata ko ya ɗan jinkirta gwargwadon watan da ake ciki, rana ta fito bayan ƙarfe shida, yawancin filaye kuma ba sa tayar da sallar Idi sai hantsi ya ɗaga. Abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro waya a ce ya je ya kalli katun. Za a samu shiru, gaskiya ne. Amma an sayi shirun da tsada, domin an koya masa cewa safiyar Sallah da safiyar Asabar duk ɗaya ne.

Littattafan fiƙihun da muka tashi a kansu sun riga sun cika wannan lokaci da aiki, kuma kusan duk aikin yaro na iya sa hannu a ciki. Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, don koyar da yara aka wallafa ta tun asali, kuma a cikinta akwai babin idi. Shehu Halil a Muhtasar ya lissafa raya daren idi da ibada cikin abubuwan da ake so, haka wanka, wanda ya fi a yi shi bayan asuba, da shafa turare da yin ado. Ke nan uban da aka tasa ƙarfe huɗu, in ya yi alwala ya yi raka'a biyu ɗansa na kwaikwayonsa a gefe, ba a cuce shi ba. Daga nan sai ya riƙe hannun wanda ya yi wayo su tafi masallaci. Malaman mazhabarmu sun ce a umarci yaro da salla yana ɗan shekara bakwai, kuma babu asubar da umarnin zai fi sauƙin bi kamar wannan.

Sai zakkar fidda-kai, wadda ni a wurina ita ce darasin da ya fi kowanne a wannan safiya. Mudun Annabi huɗu ne a kan kowane rai, daga abincin da garin ya fi ci, uba ya fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ke kansa. An yarda a gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu, amma lokacin da aka fi so shi ne bayan ketowar alfijir kafin a fita Idi, wato daidai lokacin da yaran ke neman abin yi. A shimfiɗa tabarma, a kawo buhun shinkafa ko masara, a ce wa kowa ya ƙirga nasa: "Wannan na Yaya ne, wannan na auta." A bar shi ya ɗauki ƙullinsa da hannunsa ya kai wa wanda ya cancanta. Mabuƙata ba su yi nisa da kowa ba a Abuja. A Durumi da Kuchingoro akwai sansanonin waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raba da garuruwansu, kuma a cikinsu akwai yaran da su ma sun farka tun ƙarfe huɗu, ba tare da an ɗinka musu komai ba. Wanda ba zai iya kaiwa can da safiyar ba, ya aika tun jajibere, ya gaya wa 'ya'yansa inda mudun nasu ya tafi.

Daga nan wanka, sai karin kumallo. Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah ba ya fita idin buɗa-baki sai ya ci dabino, kuma mara yake ci, wato uku ko biyar ko bakwai. Yara na son ƙirge, a bar su su ƙirga. Sabbin kaya kuwa a ajiye su sai ƙarshe, bayan an gama da waina da miyar taushe. Duk uwar da ta taɓa ganin manja a gaban farar shadda rabin sa'a kafin fita ba ta buƙatar dalili daga littafi.

Akwai magana da ta shafi maza, kuma ba zan sakaya ta ba. A gidaje da yawa, in yara suka tashi, maigida yakan juya ya ce, "Je ki ji da yaranki." Ita ce ta kwana a tsaye, ita za ta wuni a tsaye. Nana A'isha, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah ke yi a gida, ta bayyana cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Shi ne ya yi wa mutane limanci ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Namijin da ke ganin yi wa ɗansa wanka ko ɗaura masa igiyar takalmi ya rage masa daraja, sai ya faɗa mana a wurin wa ya koyi darajar. Adalci shi ne wanda ya riga kwanciya ya karɓi yaran da asuba, a bar ɗayan ya ƙara ko da sa'a guda. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ɗinki da aski da kitso da soye-soye in an gama su kwana biyu kafin Sallah, yara za su kwanta bayan isha'i, manya ma haka, tashin ƙarfe huɗu kuma ba zai zama musiba ba.

Fita da su filin Idi abu ne da malamanmu suka so, ko da yake ba a ɗora musu ba. Buhari ya ƙulla babi a kan fitar yara zuwa wurin sallar idi, ya kawo shaidar Ibn Abbas, wanda ya halarta tare da Manzon Allah yana ƙarami, ya kuma riƙe abin da ya gani har ya ba da labari da girmansa. Mai zuwa babban filin Idi na ƙasa da ke kan hanyar filin jirgin sama ya san cunkoso da binciken jami'an tsaro da nisan wurin ajiye mota. Ga mai ƙananan yara, filin unguwarsu ya fi masa sauƙi, lada kuma ba ta ragu ba. A sa wa yaro takarda mai lambar waya a aljihu, a riƙe masa ruwa, musamman a shekarun da Ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin zafin Maris. A bar shi ya ɗaga murya da kabbara a hanya, wannan ce hayaniyar da ake ba da lada a kanta. A dawo ta wata hanya daban kamar yadda sunna ta nuna, a bi ta ƙofar wanda za a yi wa barka da Sallah.

A Babbar Sallah lissafin ya ɗan sauya. An san ranar tun kwana goma, don haka ba uzurin gaggawa. Abin da ke tashin yara a nan rago ne. Tun ranar da aka kawo shi daga kasuwar Dei-Dei sun raɗa masa suna, suna ba shi dusa, kuma da asubar fari wurinsa za su nufa. Sai a tabbatar an ɗaure shi da kyau, an ɗauke wuƙaƙen da aka wasa zuwa inda hannu ba ya kai, an rufe kicin inda gas da tukunyar mai suke. Sunnar jinkirta cin abinci har a dawo daga Idi ta manya ce, kada a ɗora wa ɗan shekara uku yunwa da sunan ibada. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin yanka ba, kada a tilasta masa, kada kuma a yi masa dariya. A ba shi aikin kai wa maƙwabta nama, Musulminsu da Kiristansu.

In an dawo an ci an sha, sai a biya bashin da aka ci da dare. Hutun tsakar rana na cikin lokuta ukun da ayar ta ambata, ya kamata gidan ya yi tsit, kowa ya miƙe ƙafa, ko da baƙi za su ɗan jira. Yawon Sallah mai nisa a bar shi sai washegari, tunda gwamnati kan ba da hutun kwana biyu. Lambun Millennium da gidan namun dajin yara na Asokoro suna nan ba inda za su, kuma yaron da ya ƙoshi da barci ya fi jure layin shiga.